Lita ɗaya, kilomita nawa?

A da, wanda ya je sayen mota wurin dillalai a Kano ko Kaduna yakan fara da lafiyar inji da giya, ya duba fenti ko na asali ne, ya nemi takardun kwastan. Maganar mai takan zo daga ƙarshe, in ma ta zo. Yanzu kusan ita ce sallama. Kafin a ɗaga bonet mai saye ya riga ya tambaya, "Alhaji, yaya shan manta?" Dillali kuwa amsarsa ɗaya ce, ko ƙaramar Corolla ce ko ƙatuwar jif: "Ranka ya daɗe, wannan ai shinshina kawai take yi."

Kowa ya san ranar da lamarin ya juya. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya faɗa a jawabin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, kuma a Oktoban 2024 ta haye naira 1,000 a gidajen man NNPC na Abuja. An sha ƙarin farashi a baya. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, zanga-zanga ta sa aka dawo da ita 97, sannan a 2016 ta koma 145. Amma wannan karon kuɗin mai ya ninku sau biyar cikin shekara ɗaya da rabi. Hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar ta ce a watannin farko man da ƙasar ke sha a rana ya sauko daga sama da lita miliyan 60 zuwa ƙasa da miliyan 50. Wani kaso na raguwar fasa-ƙwauri ne da ya ja baya a iyakokin Nijar da Benin da Kamaru. Wani kason kuwa motoci ne da masu su suka jingine a gida suka lulluɓe da tampol, suka koma hawan adaidaita sahu.

Tun daga lokacin ake ta gardama a majalisu da garejin bakanike da harabar ma'aikatu: shan mai nawa ne za a ce ya yi daidai, nawa ne kuma ya wuce gona da iri?

Ɓangare na farko, waɗanda galibinsu masu albashi ne da ƙananan 'yan kasuwa, sun kafa iyaka. A wurinsu motar hawan yau da kullum dole ta ba da kilomita 10 ko fiye a kowace lita cikin gari. Wadda ta gaza haka ɗawainiya ce, a rabu da ita. Kuma suna da hujja a alƙaluma. Yawancin tokumbonmu daga Amurka suke fitowa, inda hukumar kare muhalli ke buga sakamakon gwajin shan man kowane samfurin mota. Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai inji 1.8 tana ba da kusan kilomita 11 a lita cikin gari, kusan 15 a babbar hanya. Camry ƙirar 2007 mai fulogi huɗu, wadda ake ce wa Muscle, tana ba da kusan 9 da 13. Lexus RX 350, wadda mutane da yawa ke burin hawa, tsohuwar ƙirarta tana ba da kusan 7 da rabi a gari, 10 da rabi a hanya.

A ɗauki ma'aikacin da ke yin kilomita 40 a rana, ya kai yara makaranta, ya wuce ofis, ya biya kasuwa, ya dawo gida. A wata zai yi kusan kilomita 1,000. Da Corolla zai ƙona lita 91 ko kusa da haka, da Lexus kuwa lita 133. In aka ƙaddara lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, bambancin naira 42,000 ne duk wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato abin da ke tsakanin motocin nan biyu kaɗai ya fi rabin albashin wani magidanci, kuma dukansu wuri ɗaya za su kai ka a lokaci ɗaya, domin a cunkoson Kurna ko Hotoro babu wanda ƙarfin injinsa ke amfana masa komai. Lokacin da lita take naira 185, wannan bambanci bai kai naira 8,000 ba, shi ya sa ba wanda ya damu. Masu wannan ra'ayi suna cewa mun yi shekaru muna sayen motocin da aka ƙera don ƙasar da mai ke da araha a kan albashinsu, muna hawa da man da gwamnati ke biya mana rabin kuɗinsa ko fiye. Yanzu da gwamnati ta janye hannu, hankali shi ne mu ma mu sauko.

Akwai kuma zancen da ba sa faɗa da ƙarfi amma yana nan: yawancin manyan motocin da ke kan titunanmu don idon mutane aka saye su. Mutum ɗaya ne a ciki daga safe har dare, kujeru shida babu kowa. Ina ganin a nan sun yi gaskiya, kuma gaskiyar tana da ɗaci. Na san gidajen da ake rage cefane don kada a ga maigida ya sauka daga jif ya koma ƙaramar mota.

Ɓangare na biyu ba su musanta alƙaluman nan ba. Abin da suke cewa shi ne mai ba shi kaɗai ne kuɗin mota ba, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mai iyali takwas ko tara ba zai cusa su a Corolla ba. Sienna tana shan mai, gaskiya ne, tana ba da kusan kilomita 7 a gari, ƙasa da 10 kaɗan a hanya. Amma tafiyar Kano zuwa Abuja, kimanin kilomita 430, za ta yi ta da lita 45 ko makamancin haka tana ɗauke da mutum bakwai da kayansu. Raba mutanen nan a ƙananan motoci biyu, ka ƙona lita 60. In aka yi lissafi a kan kowane kai, babbar motar ce ta fi tattali. Direbobin Sharon da Hummer bas a tashoshin Unguwa Uku da Kawo sun daɗe da sanin wannan. Ba sa tambayar kilomita nawa lita ke yi, tambayarsu ita ce in an cire kuɗin mai da na ƙungiya da na 'yan kamasho, me ya rage daga kuɗin fasinja.

Sai kuma hanya. Wanda ke zirga-zirga tsakanin birni da ƙauyensu, da damina hanya ta zama taɓo, da rani ta zama ramuka, ya san abin da ƙaramar mota mai ƙasa-ƙasa ke jawowa: yau shokozoba, gobe salansa ta tsinke, jibi fankon baƙin mai ya fashe a kan dutse. Abin da ya tara a gidan mai sai ya kwashe ya kai Ƙofar Ruwa ko Panteka sayen kayan gyara. Araha ba ta ado, in ji su. Suna kuma nuna cewa tsoron fulogi shida ya fi gaskiyarsa yawa. Camry ɗin nan ta 2007, mai fulogi shida tana ba da kusan kilomita 8 a gari da 12 a hanya. Tsakaninta da 'yar uwarta mai fulogi huɗu kilomita ɗaya ne tak a lita. Amma a kasuwa yau da zarar an ce "shida ce" sai mai saye ya ja da baya, farashi ya faɗi warwas.

Hujjarsu mafi ƙarfi, a ganina, ita ce ta canjin mota. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga naira 460 da ɗoriya ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuɗin tokumbo da na kwastan suka bi ta. Wanda ya sayar da babbar motarsa yanzu zai sayar a lokacin da ba a son irinta, ya sayi ƙarama a lokacin da kowa ke rububinta. A ce ya yi cikon naira miliyan uku. In yana rage naira 42,000 a wata, sai ya yi kusan shekara shida kafin cikon ya dawo, in har sabuwar da ya saya ba ta zo da nata ciwon ba. Motar da ka san halinta, ka san bakanikenta, ka san ba a taɓa buɗe injinta ba, tana da wata daraja da ba a gani a ma'aunin mai.

Na saurari ɓangarorin biyu, kuma abin da ya fi damuna shi ne kusan duk masu gardamar ba su san abin da motocinsu ke sha ba. Tambayi direba goma, tara za su amsa maka da naira: "Na dubu goma yana yi mini kwana uku." Wannan ba ma'auni ba ne, domin farashi yana motsi, kwana ukun ma ba tafiya ɗaya ake yi a cikinsu ba. Wasu kuma da allurar geji suke auna, alhali allurar ba ta sauka daidai wa daida. A motoci da yawa rabin tanki na sama yakan daɗe, na ƙasa ya zube da sauri, saboda siffar tankin da yadda abin awon ke shawagi a ciki. Ga kuma wani tarko da ya kama mutane da dama: motar Amurka da mil take ƙirga tafiya. Mutum ya ga 60 a allo bayan ya ƙona lita goma, ya ce motarsa kilomita 6 take ba shi, ya fara neman mai saye, alhali mil 60 kusan kilomita 97 ne.

Awon gaskiya ba shi da wuya. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka mayar da ƙirgen tafiya sifili, ka yi harkokinka yadda ka saba. In mai ya yi ƙasa ka koma gidan man nan, famfon nan in da hali, ka sake cikawa. Litar da ta shiga ita ce ka ƙona. Raba kilomita da ita. Komawa famfo ɗaya yana da muhimmanci, domin ba kowane famfo ne litarsa ke cika lita ba, kuma hukuma takan rufe gidajen mai saboda wannan laifi. Na san cika tankin lita 50 ko 70 a yau ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayen na dubu biyar-biyar. Amma sau biyu ko uku a shekara ya isa, kuma man ba asara aka yi ba, a tankinka yake.

Wanda ya yi wannan awo yakan gano cewa ainihin matsalar ba tsakanin fulogi huɗu da shida take ba. Sau da yawa za ka tarar da Corolla da aka ƙera ta ba da 11 tana ba da 7, wato tana shan man Lexus ba tare da jin daɗin Lexus ba. Kuma yawancin wannan ɓarna mu muke jawo ta da hannunmu, a gareji.

Ɗauki tamostat. Da zarar tokumbo ta iso, wasu bakanikan sukan ce a cire shi, wai na ƙasar sanyi ne, sannan su haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota. Niyyarsu kyakkyawa ce, tsoron obahitin suke yi. Amma injin zamani an tsara shi ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 90 ko kusa da haka. In ruwa bai kai wannan zafi ba, kwamfutar motar takan ɗauka inji bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai. Motar da aka yi wa haka takan daɗe tana tafiya kamar yanzu aka tayar da ita, musamman da sanyin hunturu da kuma a kan babbar hanya. Haka zancen indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Wasu sace ta ake yi saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, wasu kuma da kansu suke sayarwa. A wajen cire ta akan lalata na'urar da ke auna iskar da ke cikin hayaƙi, ko a tsinke wayarta, ita kuwa wannan na'ura da ita kwamfuta ke sanin ko man da take turawa ya yi yawa. In ta mutu, sai kwamfuta ta koma kintace, kuma kintacenta ya fi karkata ga yawan mai. Fitilar cek injin za ta kama, bakanike ya ce, "Oga, rabu da ita, duk motoci haka suke," wani ma ya cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. Daga ranar nan mota ta daina faɗa maka ciwonta. Ƙara da tsofaffin fulogi, da nozul da ya toshe, da burkin da ke riƙe taya, da tayar da mai faci ya buga wa iska da ido ba tare da geji ba. Kowanne kaɗan yake ci, amma in suka taru sai su cinye kilomita uku ko huɗu a kowace lita.

Ba ina ɗora laifi a kan bakanike kaɗai ba ne. Da yawansu a kan Peugeot 504 da 505 na kamfanin Kaduna suka koyi aiki, motocin kafireta da ake gyarawa da kunne da sukundireba, kuma sun ƙware a kansu ƙwarai. Motoci suka koma na kwamfuta, ba wanda ya sake horar da su. Mai mota kuma yana ƙyashin biyan kuɗin sikanin, ya fi son a taɓa nan a taɓa can. In da za a ɗauki rabin zafin da ake gardamar huɗu da shida da shi a mayar kan koya wa matasan gareji karanta na'urar sikanin, da man da za a tsirar ya fi wanda canjin mota zai tsirar.

Sai esi, wanda shi ma ya raba kan direbobi. Akwai waɗanda tun 2023 ba su sake kunna shi ba. Gaskiya ne yana ci. A tsananin zafi da gajeriyar tafiya cikin gari yana iya ƙara shan mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Amma a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ga jariri ko tsohuwa a kujerar baya, ban ga tattalin da ke cikin kashe shi ba. Wannan man an saye lafiya da shi. A babbar hanya ma, in ana gudu, buɗe gilasai yana sa iska ta riƙe mota, ribar kashe esi ta ragu sosai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ajiye mota a ƙofar banki ko gidan biki, inji na aiki, esi na hurawa awa guda, direba na jiran maigida. Mota a tsaye tana iya ƙona kusan lita ɗaya a awa, babba ma ta fi haka, ba tare da ta motsa taku ɗaya ba.

Gudu ma haka. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi: in ka ninka gudu sau biyu, turjiyar ta ninku sau huɗu. Wanda ya take totur ya kai 140 tsakanin Zariya da Kano yana biyan kuɗi mai yawa don ya riga mai tafiya a 100 isa da 'yan mintuna, ga shi kuma ya karya dokar hukumar kiyaye haɗurra, wadda ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a awa a kan tagwayen hanyoyi.

To ina na tsaya? Ga wanda zai sayi mota yau, hawansa cikin gari ne, iyalinsa ba su wuce biyar ba, ina tare da ɓangaren farko ba tare da jinkiri ba. Ya nemi fulogi huɗu, ƙaramin inji, ya bar maganar mutane. In ma yana da bakaniken da ya san kanta, ya duba mai haɗin batir irin Prius, wadda ke ba da kusan kilomita 20 a lita. Ga wanda ya riga ya mallaki babbar mota lafiyayya, ko iyalinsa da hanyar garinsu suke buƙatarta, ɓangare na biyu sun fi gaskiya: ya riƙe abinsa, ya gyara ta, ya haɗa aike uku a fita ɗaya. Iyakar kilomita 10 da ake yayatawa ba ta dace da kowace mota ba. Ma'aunin da na yarda da shi shi ne abin da aka ƙera motar ta bayar, a rage mata kilomita ɗaya ko biyu saboda tsufa da cunkoso da zafinmu. Corolla da ke ba da 9 ko 10 a Kano da esi a kunne ba ta yi laifi ba. In ta sauko 7, gareji take nema. Sienna da ke ba da 6 zuwa 7 cikin gari halinta ke nan, sai dai a tambayi mai ita ko kujerun nan suna ɗaukar mutane.

Iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023 tana iya sauya wannan lissafi, musamman ga motocin haya, domin ta fi fetur araha nesa ba kusa ba. Sai dai tukunyar tana cinye but, juyar da inji yana da tsada, kuma amfaninta ga direban Arewa ya dogara ne da samun wurin cikawa a kan hanyarsa. Shi ya sa ake zuba ido kan bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020.

Akwai kuma wani tattalin da ya kamata ɓangarorin biyu su haɗu su ƙi, wanda tsadar mai ta ƙara yaɗa shi tsakanin direbobin haya. In an zo gangara sai direba ya saki mota a firi, wani ma ya murɗa makulli ya kashe inji ɗungurungum, da fasinja cike har gaba. A motar nozul wannan bai ma tsirar da abin kirki ba, domin in ka ɗaga ƙafa daga totur mota na cikin giya tana gangarawa, kwamfuta da kanta take yanke mai, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji abin da zai riƙe silo. Kashe injin ya fi muni. Sitiyari yakan yi nauyi nan take, kuma abin da ke taimaka wa burki ƙarfi daga inji yake samun iskarsa. Taka ɗaya ko biyu ya rage, na ukun sai feda ta sandare a ƙarƙashin ƙafa. Haka masu buga wa taya iska fiye da ƙima don mota ta yi sauƙin gudu, a kan kwalta mai zafi da tsakar rana, da tsohuwar taya 'yar Kwatano, ga lodi ya wuce ƙa'ida. Fasinjan da ya ga direba ya kai hannu ga makulli a gangara yana da haƙƙin ya ce, "Malam direba, don Allah tayar da injin nan," kuma shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha suna da ikon hana mai wannan ɗabi'a yin lodi.